Ƙyashi Ba Ya Hutun Lahadi



Littafin Mai Hadishi, sura 4, ya lura da wani abu mai nauyi: yawancin faman da ɗan Adam yake sha, tushensa ƙyashin maƙwabci ne. Ba yunwa kaɗai ke hana mu barci ba. Maƙwabci ya yi sabon rufi, sai namu da bai taɓa yoyo ba ya zama abin kunya. An fitar da ankon biki, uwargida ta ci bashi, maigida ya kai tsakar dare a kan babur.

Ku duba inda tarkon yake. Mai shago ɗaya ya buɗe ranar Lahadi, ya janye masu ciniki. Na kusa da shi ya ga tilas ya buɗe, na ukun ma haka. A ƙarshe kowa ya buɗe, cinikin yana nan yadda yake, an raba shi kamar dā. Lahadin ce kawai ta salwanta. Ba wanda ya wuce wani, kuma ba mai iya rufewa shi kaɗai.

Shi ya sa Ubangiji bai bar hutu ga son ran kowa ba. Dokar Asabar a Maimaitawar Shari'a, sura 5, ta haɗa maigida da bara da baƙo, har sa da jaki. Paparoma Leo na 13, a wasiƙarsa Rerum Novarum ta 1891, ya gargaɗi masu ɗaukar ma'aikata kada su tsawaita aiki fiye da ƙarfin mutum, kada su hana shi hutun Lahadi. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da sa'a 8 a rana, 48 a mako, a masana'antu. Faransa ta fara aiki da dokar sa'a 35 a mako a 2000. Wasu sukan ce irin wannan doka tauye 'yanci ce. Ni kam ina ganinta kamar dattijon da ya shiga tsakanin 'yan kokawa biyu, kowanne ya galabaita amma yana tsoron ya fara saki.

Ban manta da wanda in bai fita yau ba tukunyarsa ba za ta hau wuta ba. Wannan ba ƙyashi ke korarsa ba, alhakinsa yana wuyan mai danne masa lada. Da sauranmu nake.

Kafin Kirsimeti, ina roƙon Zumuntar Mata da dattawan kowace majami'a su zauna tare su ƙayyade ankon da za a fitar, domin telolinmu su ma su sami zuwa Misar dare.