Rumbun Saƙonni da Haƙƙin Wanda Ya Riga Ya Biya

Layin dogon da ya tashi daga Iddo a Ikko ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma fataucin da ya biyo shi ya dogara da saƙo kamar yadda ya dogara da kaya. Shanu su gangaro Kudu, huhunan goro su tashi daga Agege su nufi Arewa, a tsakani kuwa magana ce ke yawo: wane ya biya, wane ya ci bashi ya sulale, kayan wane sun iso a lalace. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda masu gida ke sayar wa mahauta shanu bashi, da yadda babban jarinsu ya zama sanin wanda ke biya da wanda ba ya biya. A ƙirjin mutane wannan sani yake, yana tsufa tare da su, wani ya dushe, wani a yafe. Yau duk yaron Zangon Agege da ya koyi kwamfuta zai iya gina wa 'yan kasuwar unguwarsu rumbun bayanai da zai tara saƙonninsu wuri guda. Aikin ba shi da wuya. Abin da ke da nauyi shi ne ko ya halatta rumbun ya riƙe kome har abada.

Rumbun tebur ne kawai mai 'yan gurabe: lambar saƙo, sunan mai aikowa, rana da sa'a, sai maganar kanta. Duk wanda ya rubuta wani abu, layi ɗaya ya ƙaru. Sau da yawa ko an danna maɓallin gogewa layin ba ya fita daga teburin, alama ce ake sa masa don kada ya bayyana, ga kuma kwafin ajiya da ake ɗauka lokaci zuwa lokaci don gudun asara. Saboda haka idan wani ya fusata ya rubuta cewa dillali wane ya cinye masa kuɗin goro, bayan mako guda aka zauna gaban manya aka gano kuskuren lissafi ne, aka yi musabaha, maganar farko tana nan da ranarta da sa'arta. Sulhun da baki aka yi shi, bai shiga tebur ba. Bayan shekara biyar baƙo ya nemi sunan dillalin, zargin ne zai fara fitowa.

Musulunci bai ɗauki dukkan magana a mataki ɗaya ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi mai ajali, ƙarami ko babba, a kafa shaidu. Amma ita dai ayar ta ɗauke wa mutane nauyin rubuta cinikin hannu da hannu, wanda ya ƙare nan take. Abin lura ke nan: rubutu yana bin haƙƙin da bai sauka ba tukuna. A ɗaya gefen kuma akwai hadisin da Muslim ya ruwaito, inda aka bayyana giba da ambaton ɗan'uwa da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne, da hadisin da ya yi wa mai suturta Musulmi alkawarin suturar Allah. In aka haɗa waɗannan, hukuncin mai gina rumbu ya fito fili. Maganar da ke ɗauke da haƙƙin wani, a adana ta da kyau har haƙƙin ya sauka. Maganar fushi, zato da gori kuwa, a gina rumbun ta yadda za ta mutu da kanta bayan wani wa'adi, mutuwa ta gaske, har a cikin kwafin ajiya.

Za a ce wannan gata ne ga macuta. Wanda ya damfari mutane a kasuwar Mile 12 zai jira a share sunansa, ya koma Iddo ya sake sabon lale. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma malamai ba su kau da kai daga gare ta ba: Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da ƙarar wanda aka zalunta da gargaɗin jama'a daga cuta. Sai dai halaccin yana rataye da bukata. Muddin bashin na nan, ko cutar na maimaituwa, gargaɗi nasiha ne, kuma ya kamata ya zauna. Ranar da aka biya, ko mai haƙƙi ya yafe, dalilin ya faɗi, abin da ya rage tonon asiri ne kawai da injin ke yi a madadin mutanen da su kansu sun manta. Abin mamaki, kotun Tarayyar Turai ta kai kusa da nan a 2014, a shari'ar wani ɗan Sifaniya da sanarwar gwanjon gidansa saboda bashi, wadda jarida ta buga a 1998, ta ci gaba da fitowa a Google bayan an daɗe da gama maganar. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ba mutum damar neman a share bayanansa, ta kuma hana riƙe su fiye da bukata.

Wani kuma zai kawo hujja daga sama: ai mala'iku na rubuta kome, me zai hana mu? Littafin mala'iku a rufe yake, ba maƙwabci ke buɗe shi ba, kuma Mai littafin ya san niyya, yana karɓar tuba, har Suratul Furƙan ta yi maganar musanya munanan ayyukan mai tuba da kyawawa. Teburin kwamfuta bai san niyya ba, bai san wanda ya je da dare ya nemi gafara ba. Kwaikwayon rubutun ba tare da rahamar da ke tare da shi ba ɗaukar rabin abu ne, kuma rabi mai kaifin.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta iko: wa zai ce wannan haƙƙi ne, wancan gori? In aka bar wa yaron da ke riƙe da makullin rumbu, mai kuɗi zai share tabonsa, talaka ya kwana da nasa. Ba a magance wannan da fasaha. Hausawan Ikko suna da wuraren raba gardama tun kafin kwamfuta, fadar Sarkin Hausawa, shugabannin kasuwa, limamai, kuma su ma ba ma'asumai ba ne. Amma a gabansu ana jin bakin kowa, ana sanin wanda ya yanke hukunci. Abin da mai gini zai iya shi ne ya ƙara wa teburin gurbi guda biyu: ɗaya na rubuta cewa an biya ko an sasanta, da sunayen shaidu, ɗaya kuma na ranar da layin zai fita. Cike su aikin waɗanda suka zauna sulhun ne.