Baƙon Kaka A Zangon Kumasi

Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, dawa kuma ta kusa isa yanka, a sa'an nan ne mutum ya kan sami sukunin tuna waɗanda ya daɗe bai gani ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. To, amma ga wata magana da ta isa a duba. Mutumin da ya ƙetare ƙasashe domin ya gai da tsohon abokinsa, sa'an nan ya ɓad da rabin kwanakinsa wajen kallon gari da ɗanɗana abincin mutanen wurin, shin zumunci ya yi, ko kuwa ya fake da guzuma ne ya harbi karsana?

A ɗauki misalin Kumasi, babban birnin Asante a ƙasar Ghana, gama Hausawa sun daɗe da sanin hanyarsa. Tun zamanin fatake a ke bin hanyar Gwanja da jakuna, a kai kanwa da tufafi, a komo da goro. Da yaƙi ya watsa kasuwar Salaga a 1892, 'yan kasuwa da yawa suka gangara kudu, zangon Kumasi ya yi ta cika. A 1969 kuma gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardar zama, waɗansu suka komo Nijeriya, waɗansu suka sami ikon tsayawa. Ta haka aka raba abokai da yawa waɗanda suka tashi unguwa ɗaya.

A ce ɗaya daga cikinsu ya tashi daga Kano cikin watan Oktoba, ya bar hunturu na shirin shigowa, ya isa Kumasi ya tarad da ruwa bai ɗauke ba tukuna. Abokin da ya ke riƙe da kamanninsa a zuciya saurayi ne, wanda ya taryo shi kuwa dattijo ne mai furfura. 'Ya'yan gidan suna jin harshen Asante kamar ruwa, Hausarsu ma ta sha bamban, su kan ce "ya zo" ko da mace ce ta zo. Daren farko hira ta kan yi daɗi, a tuna wane da wance, a yi wa matattu addu'a. Amma labarin da can ba shi da yawa kamar yadda a ke zato. Kafin kwana biyu ya ƙare, sai a zauna shiru ana duban juna.

Nan ne amfanin fita gari ya ke. Sa'ad da mai gida ya ja baƙonsa zuwa kasuwar Kejetia, ya nuna masa rumfar da ya soma ciniki, ko ya kai shi Manhyia ya ga gidan da Turawa suka gina a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan komowarsa daga tsibirin da aka tsare shi, shekarun da suka yi ba tare ba ne ya ke shimfiɗa masa a gaba. Baƙon da ya ce shi bai zo kallo ba, ya ƙi fita, ya ƙi sanin rabin rayuwar abokinsa ke nan.

Haka kuma maganar abinci, ita ce ma ta fi tsanani. Uwargida za ta sa a kirɓa sakwarar rogo da ayaba irin ta dafawa, a kawo da miyar kwakwar manja. Ba a tauna ta, haɗiyewa a ke yi. Wata rana a kawo dokunu, watau ƙullun masara mai tsami da aka dafa cikin ganye, da barkono da soyayyen kifi. Wanda ya saba da tuwon dawa da miyar kuka lalle zai sha wuya a loma ta farko. Amma in ya yamutse fuska ya ture akushi, ya ce shi wannan ba abincin mutane ba ne, to, ya tuna da shi aka goyi 'ya'yan gidan duka. Abin mamaki kuwa, in ya leƙa titi da safe zai ga mutanen ƙasar sun yi layi wajen mai koko da ƙosai, da mai wake da shinkafa wadda su ke kira wace, da mai tuwon zafi. Su sun karɓi na Hausawa har da sunansa, shi kaɗai ke ƙyamar nasu.

Ko da ya ke haka ne, masu zargin baƙo da son yawo ba su rasa gaskiya ba ɗungum. Akwai wanda ya mai da gidan aboki masauki kawai, ya fita da hantsi sai dare, ya komo ya ci ya kwanta. Akwai kuma wanda kullum sai an kai shi wani wuri, yau kasuwa, gobe tafkin Bosumtwi, kuɗin mota duk daga aljihun mai gida, alhali kuwa lokacin ne sabon goro ke shigowa, kowace ranar da aka rufe rumfa hasara ce. Kunya ba za ta bar mai gida ya faɗa ba. Malamai sun ce haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya ɗara haka sadaka ce. Baƙo mai hankali, ran kwana na huɗu, ya kan bi abokinsa rumfa ya zauna gefe yana taya shi tsince goro.

Shi ma mai gida da nasa nauyi. Bai kamata ya tilasta wa tsoho cin abin da cikinsa ya ƙi ba, balle ya kai shi inda a ke shan bammi ko cin naman da ba a san yankansa ba. In ya ga baƙonsa ya yi loma biyar ya wanke hannu, sai ya aika yaro a ɓoye ya sayo tuwon zafi a bakin zango, a ajiye kusa da tabarmarsa.