Daɗin Kiɗa: A Kunne Yake Ko A Hayaƙi?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin samari, tun daga gindin gadar Wudil har tashar mota ranar kasuwar Juma'a. Wai tabar wiwi tana buɗe kunne, wai wanda bai busa ba bai san daɗin kiɗa ba. Wata saurayinta ne zai faɗa mata, wata ƙaninta, wata ma ɗan cikinta. To kafin mu tafa hannu mu yi salati, mu tsaya mu auna maganar.

Ba a garinmu aka fara ta ba. A Ingila an yi wasu makaɗan jita masu gwaje-gwaje da sauti, irin su ƙungiyar Pink Floyd. A faifansu na 1973 mai suna The Dark Side of the Moon sun cusa bugun zuciya da ƙarar agogo da ƙarar sulalla a cikin kiɗa. Matasan Turai da yawa sun riƙa sauraren irin wannan kiɗa cikin hayaƙi, suna cewa sai da shi ake gane shi. Bob Marley na Jamaika, wanda ya rasu a 1981, da Fela Kuti na Legas, wanda ya rasu a 1997, su ma ba su ɓoye shanta ba. Da su samarinmu ke kafa hujja.

Gaskiya ɗaya ce, wiwi tana canja yadda mutum ke ji. Sinadarin da ke cikinta, wanda likitoci ke kira THC, yana sa ɗan lokaci kaɗan ya zame wa mashayi mai tsawo, hankalinsa ya maƙale a kan sauti guda, ya ji shi ƙato. Amma shi dai wannan sinadari yana raunana riƙon abin da aka ji yanzu-yanzu. Kiɗa kuwa kamar kitso yake, sai an haɗa farko da ƙarshe ake ganin hannun gwana. Wanda ya manta farkon waƙa kafin a kai tsakiya, me ya saurara?

Ga misali daga madafi. Wiwi tana sa yunwa. Mashayi zai cinye tuwon jiya da lami yana santi, haka zai yi santi in kika ba shi miyar taushen da kika wuni a kanta. Don Allah wannan santin yabo ne gare ki? Harshen da bai bambance gwana da ƙazama bai san girki ba. Haka kunnen da ke jin daɗin kuntigin Ɗanmaraya Jos daidai da ƙugin injin markaɗe bai girmama makaɗi ba. Hayaƙinsa yake saurare.

Sannan daɗin nan na aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Yau don kiɗa aka sha, gobe abinci ba ya shiga sai da ita, jibi barci ma sai da ita. Ga kuɗin cefane ya bi iska, ga jami'an NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, suna farautar masu ita.

Mu tuna marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da ƙwarya kawai take tayar da gidan biki, mata su yi ta rausaya, kowace da hankalinta garau, har gobe muna tuna baitocinta.

Don haka 'yar uwa, in ya ce miki don kiɗa kawai yake sha, kada ki yi faɗa. Ki ce ya zauna ku saurari waƙar tare, ido biyu, ba hayaƙi. In ya ji daɗinta, ashe ba ya bukatar tabar. In kuwa ya ce ba ta da armashi, to kin gane abin da yake so tun farko, sai ki san inda za ki ajiye zuciyarki.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.