Ko Akwai Ƴan Ta'adda Cikin Kirista?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya da ke yawo a bakin mutane, a gindin bedi bayan la'asar, da wurin mai shayi, har da ajin yaƙi da jahilci in an ajiye alli. Ana cewa: kullum radiyo ta ce ɗan ta'adda, sai sunan Musulmi ya biyo baya. Shin Kirista ba su da nasu ne? Ko kuwa suna da su, ana ɓoyewa?

Amsar gajera ce: akwai su. Amma kada ka tashi da wannan kalma ɗaya ka nufi kasuwa da ita. Zauna tukuna mu warware zancen.

Da farko mu san abin da ake nufi da ta'addanci, don ba kowane mai kisa ba ne ɗan ta'adda. Ɓarayin dajin da suka addabi ƙauyukan Gidan Runji da Madarunfa, masu kore shanu da satar mutane, kuɗi suke so. Mugaye ne, amma cikinsu suke ma aiki, ko da yake sau da yawa akan haɗa su duka a suna ɗaya. Shi ɗan ta'adda yana kashe wanda bai ɗauki makami ba, mace ko yaro ko tsoho, don sauran jama'a su ji tsoro su bi abin da yake so. Da gawar wani yake yi ma masu rai magana. In kuma ya ce Allah ne ya aiko shi, ko addininsa yake ma yaƙi, to wannan shi ne ta'addanci da sunan addini. Mu nan mun san irinsa. Boko Haram ta faɗa ma Boso da Difa ran 6 ga Fabrairu 2015. Kafin nan, ran 28 ga Nuwamba 2014, an tada bom a babban masallacin Kano ana sallar Juma'a, mutum fiye da 100 suka rasu.

To, riƙe wannan ma'auni mu tafi ƙasar Yuganda, can gabashin Afirka. Cikin 1986 wata mace mai suna Alis Lakwena ta ce Ruhu Mai Tsarki ya sauko mata. Ta tara mayaƙa, ta sa su shafa man kaɗe a jiki, wai harsashi ba zai huda su ba, su shiga fagen fama suna waƙoƙin coci. Sojan gwamnati suka watsa su cikin 1987. Daga nan wani saurayi, Jozef Koni, wanda yana yaro yake taimakon fada a cocin Katolika, ya kafa tasa ƙungiya, wadda aka sani da LRA, watau rundunar da ke turjiya da sunan Ubangiji. Ya ce zai mulki ƙasa da Dokoki Goma da aka ba Annabi Musa. Ɗaya daga cikin dokokin nan hani ne ga kisan kai. Amma mutanensa sun yi shekara ashirin da ɗoriya suna ƙona ƙauyuka, suna yanke ma mutane leɓe da kunne don saura su gani, suna sace yara dubbai, maza su ba su bindiga, mata su raba ma manyansu.

Cikin Oktoba 1996 suka shiga wata makarantar kwana ta Katolika a garin Aboke da dare, suka kwashe ƴan mata 139. Wata sista ƴar Italiya, Rakele Fasera, ta bi sawunsu cikin daji a ƙasa, ta yi ta roƙo har aka sako mata 109, aka riƙe 30. In wannan ya tuna maka da Cibok, inda Boko Haram ta kwashe ƴan mata 276 cikin Afrilu 2014, to ka gane. Aikin ɗaya ne, littafin da ke rataye a kafaɗa ne ya bambanta. Ka lura kuma, yawancin waɗanda Koni ya kashe Kirista ne ƴan'uwansa, kamar yadda Boko Haram ta fi kashe Musulmi. A Kirsimatin 2008 mutanensa sun kashe ɗaruruwa a arewa maso gabashin Kwango, wasunsu suna tsakiyar bikin sallarsu. Wa kake tsammani ke ba shi bindiga a shekarun 1990? Gwamnatin Sudan ta Hartum, mai kiran kanta ta Musulunci, don Yuganda na goyon bayan ƴan tawayen kudancin Sudan. In siyasa ta shigo, ba ta tambayar alƙibla.

A Amurka ma an yi. Cikin Yuli 1994 wani tsohon fasto, Pol Hil, ya harbe wani likita mai zubar da ciki tare da mai rakiyarsa a jahar Fulorida. Ya ce Allah ya yi ma biyayya, kuma har aka zartar masa da hukuncin kisa cikin 2003 bai nuna nadama ba. Mu ma nan ba mu yarda da zubar da ciki ba. Amma wa ya naɗa Pol Hil alƙali, ya kuma naɗa shi hauni? Shi babu gona ko sarauta cikin zancensa, aƙida ce zalla.

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na Afirka ta Tsakiya, ƙasar da muka fi sani da sunan babban birninta, Bangi, don Hausawa sun daɗe suna fatauci can, sun yi shaguna, sun hayayyafa. Sai dai a fara labarin daga farkonsa. Cikin Maris 2013 ƴan tawayen Seleka, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suka ƙwace mulki. Sun yi ɓarna ba kaɗan ba: sun ƙona ƙauyuka, sun wawashe majami'u, sun kashe talakawa. Sai matasan ƙauyuka suka tashi da adduna da bindigogin farauta, suka kira kansu Anti-balaka. Ran 5 ga Disamba 2013 suka faɗa ma Bangi. Ba su tsaya ga ƴan Seleka ba. Duk mai sunan Musulmi, ko mai doguwar riga, ko Bafillatani mai kiwo, ya zama abin farauta. Mutane suka cika manyan motoci suka nufi Cadi da Kamaru, a hanya ma ana tsare su. A farkon 2014 gwamnatin Nijar ta kwaso ƴan ƙasarta a jirgin sama. Cikin 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga cikin masallatai 436 na ƙasar an rusa 417. Cikin Yuli 2025 kotun duniya da ke Heg ta ɗaure biyu daga cikin shugabannin Anti-balaka, ɗaya shekara 15, ɗaya 12.

A nan ne tambaya ta yi wuya. Shin yaƙin addini ƴan Anti-balaka suka yi? Ka ga hotunansu, jiki duk layu da guraye, irin na ƴan tauri. Wasu manyansu tsofaffin sojan shugaban da aka tumɓuke ne, mulki suke son maidowa. Wasu shagon maƙwabci suke hange, ko garkensa, ko cinikin lu'ulu'u da ke hannun Musulmi. Shugabannin coci kuwa ba su sa musu albarka ba. Babban bishop na Bangi, Nzafalainga, shi ya sauke babban limamin ƙasar, Umar Kobine Layama, a gidansa wata da watanni. A garin Bowali wani fada ya ɓoye Musulmi wajen 650 cikin cocinsa, masu adduna na kewaye suna yi masa barazana. A Bangasu, cikin 2017, Musulmi wajen 2000 suka fake a harabar cocin Katolika. A ganina, wanda ya tsaida mota ya ware Musulmi ya kashe su, ta'addanci ya yi bisa addini, ko ya san Linjila ko bai san ta ba, don da addini ya tankaɗe mutane. Amma ba coci ya aike shi ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma mai son ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya, akwai abin da yake nema.

Akwai kuma wanda ake sa shi cikin wannan sahu alhali ba nan ne wurinsa ba. Baturen da ya harbe masallata 51 a ƙasar Niyu Zilan, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, abin da ya rubuta da hannunsa ya nuna fifikon farar fata ne da ƙin baƙi suka tura shi. Ɗan ta'adda ne ba shakka, amma ba don Almasihu ya yi ba.

Ka san a kasuwar Gazawa ko ta Agye, mai awon da ke da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, kowa ya san sunan da ake kiransa da shi. In aka ambaci Boko Haram mukan ce: wannan ba Musulunci ba ne, kada a shafa mana kashin kaji. Gaskiya muka faɗa. To in aka ambaci Koni, da wannan tiyar za mu auna ma Kirista. Haka shi ma Kirista ko Bature da zai ce Koni mahaukaci ne kawai, amma Shekau shi ne Musulunci, tiya biyu gare shi, kuma kukan da mutane ke yi da wasu gidajen radiyo a kan wannan ba banza ba ne. Sai dai cewa “ba namu ba ne” bai isa ba, ko gare mu ko gare su. Shekau ya zauna gaban malamai ya yi karatu, Pol Hil ya yi makarantar fastoci. Ba daga sama suka faɗo ba. In maciji ya fito daga rumbunka, ba naka ba ne, amma kai ne za ka duba ramin da ya bi.

Me ya sa na tsaya ina ja maka zancen haka? Don na ga inda gajerar amsa ke kai mutane. A garin Yalwa ta jahar Filato, a Najeriya, rigimar ƙasa da shanu da sarauta ta rikiɗe ta zama ta addini. Ran 24 ga Fabrairu 2004 Musulmi suka kashe Kirista fiye da 70, kusan 50 daga cikinsu a harabar coci. Ran 2 da 3 ga Mayu mayaƙan ƙabilun kewaye, galibinsu Kirista, suka yi ma garin ƙawanya, suka kashe Musulmi wajen 660 bisa ƙidayar ƙungiyar Human Rights Watch. Bayan mako guda sai Kano ta ɗauka, aka kashe mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista waɗanda ko hanyar Yalwa ba su sani ba.

Mu ma nan muna da Kirista. Ƴan mishan sun zauna Tsibiri tun 1927, asibitin kutare na Danja kuma tun 1956 yake karɓar kowa ba a tambayar addininsa. Da yawa daga cikin Kiristan jaharmu Gobirawa ne da Katsinawa, tsagarmu ɗaya, tare muke gayya, tare muke zaman makoki. Amma ran 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen da wata jaridar Faransa ta yi, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka mutu. Jaridar nan ba ta coci ba ce, ko Fafaroma ba ta ƙyale ba. Cikin Yuni 2019 kuma, da aka kama wani limami a Maraɗi, sai aka ƙona wani coci a unguwar Zariya. Ba ƴan cocin suka kama shi ba. Ga shi kuma salula ta shiga kowane ƙauye. A turo maka hoton gawarwaki, a ce ga abin da Kirista ke yi ma Musulmi, babu sunan gari, babu shekara. Kai da ka iya karatu yanzu, kai ne za a miƙo ma waya a ce karanta mana. Ka tambaya: a ina, yaushe, wa ya yi, mene ne ya faru kafin nan? Ka kuma tambaya: shi ɗan cocin da ke sayar da magani a bakin tasha, mene ne nasa a ciki?

In kana son shaida daga bakin mai shi, ga Fasto Jemis Wuye na Kaduna. Shi da kansa yake faɗin cewa yana saurayi ya shugabanci mayaƙan matasan Kirista, kuma ƙin Musulmi ya cika masa zuciya. A faɗan 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya iso Kaduna, aka sare masa hannun dama. A ɗaya gefen akwai Imam Muhammad Ashafa, shi ma jagoran matasa, wanda aka kashe masa malaminsa da ƴan'uwa biyu. Cikin 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su a wurin wani taro, kowa na kallon ɗan'uwansa da mugun nufi. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta asibiti, Ashafa ya je dubiya. Suka fara aikin sulhu tare, amma Wuye ya ce ya yi shekara uku, in tafiya ta haɗa su ɗaki ɗaya, zuciyarsa na raya masa ya danne Ashafa da matashin kai. Su biyun ne suka je Yalwa suka zaunar da ɓangarorin, har aka sa hannu a takardar sulhu cikin 2005, Wuye yana gaisawa da mutane da hannun roba.