Igiyar da Ke Ƙugun Baffa

Malaman fiƙihu sun raba wajibi gida biyu. Akwai wanda yake wuyan kowane mutum shi kaɗai, ba mai ɗauke masa, kamar salla da ciyar da iyali. Akwai kuma farillar kifaya, wadda take kan jama'a duka: idan wasu suka yi ta sun sauke wa kowa, idan aka rasa mai yi laifin ya hau kan gari baki ɗaya. Ceton wanda ruwa yake ci yana cikin kashi na biyu, haka nan wanke mamaci da binne shi. A littafi rabon ya fita tsaf. A rayuwa kuwa akan sami mutumin da wajiban biyu suka haɗu a kansa, kowanne yana jan sa nasa ɓangaren, alhali rai ɗaya tak gare shi. Ɗan kwana-kwana mai mata da 'ya'ya irin wannan mutum ne. Da wane haƙƙi yake shiga rijiya domin baƙon da bai sani ba, bayan ya bar bakuna a gida suna jiran hatsinsa?

Ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya yi wannan aiki har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu a kan gadonsa a nan Madobi. A kan rayuwarsa nake son auna tambayar, domin ita ce na gani da idona.

Da an ce kwana-kwana, wuta ce take faɗo wa mutane a rai, irin wadda ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna. A yankinmu kuwa ruwa ya fi wuta kiran su. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a farkon shekarun 1970, ruwa yake bin manyan magudanai yana ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, rani da damina. Da shi ake noma shinkafa da alkama, da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan. Arziki ne, ba mai musu. Amma gefen kanal siminti ne mai gangara, gansakuka ta kama shi, ruwan kuma yana tafiya da ƙarfin da ido ba ya nunawa. Yaron da ya sauka wanka yakan nemi abin kamawa ya rasa. Ga kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, ga tsofaffin rijiyoyi marasa murfi, ga kwale-kwalen da ake ɗora wa fiye da ƙima. Wanda ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ya tafi da aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, ruwa ba ya jiran mota. Mintuna kaɗan sun ishe shi. Kafin a yi waya, kafin a taso daga tasha a bi hanyar ƙauye, sau da yawa abin da zai faru ya riga ya faru. Saboda haka Baffa ya fi shiga ruwa domin gawa fiye da domin mai rai. A nan ne tambayar ta ƙara nauyi.

Inna, matarsa, ba ta taɓa ɓoye nata ra'ayin ba. Na sha jin ta idan ya dawo da dare tufafinsa na warin taɓo. Wata rana ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, wanda ya mutu ai ya riga ya mutu. Idan ka bi shi, wa ka bar wa waɗannan?" Tana nuna yaran da ke barci a tabarma. Ban ga aibu a maganarta ba a lokacin, har yau ma ban gani ba. Hausawa suna cewa gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Shi ne ya zaɓi aikin, shi ya sa hannu a takarda. Yaran ba wanda ya tambaye su, kuma su ne za su zama marayu. Mutum yana iya yin kyauta da abin da ya mallaka, amma ran magidanci akwai masu rabo a cikinsa. Duk yabon jarumtar da ya tsallake wannan, yabo ne da dukiyar wani.

Baffa ba mai doguwar magana ba ne. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Ki kwantar da hankalinki, ba na shiga sai da igiya." Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin lallashi, irin wanda miji yake yi don ya ci tuwonsa lafiya. Sai da na ga yadda yake aiki na gane amsa ce cikakkiya.

Abin da yake kashe masu ceto a rijiya mai zurfi sau da yawa iska ce. Akwai gurɓatacciyar iska mai nauyi da take taruwa a ƙasan rami, ba ta da launi, ba lalle a ji warinta ba, musamman inda aka tayar da injin ban ruwa a ciki ko kusa da baki. Mai shiga yakan suma kafin ya san abin da ya same shi. Shi ya sa ake jin mutum ɗaya ya faɗa, wansa ya bi shi, maƙwabci ya bi wan, a fito da gawa uku. Duk ukun masu zuciya ne. Baffa kuwa idan ya zo sai ya fara da kore mutane daga bakin ramin. Ya duba igiya taƙi bayan taƙi, ya ɗaura a ƙugu ya sake kwancewa ya ɗaura, ya zaɓi waɗanda za su riƙe, ya gaya musu idan ya ja sau nawa su fito da shi. Dangin wanda ke ciki suna kuka, wasu har suna zaginsa wai yana ɓata lokaci. Ba ya ko ɗaga kai. Akwai ranar da ya ƙi shiga sam sai da aka kawo abin shaƙar iska, ya kuma sha maganganu a kan haka.

A ganina a cikin waɗannan mintuna na jinkiri ne yake biyan Inna haƙƙinta. Da jama'a kaɗai yake kallo, da ya yi tsalle ya faɗa, a yi ta ba da labarinsa. Da gida kaɗai yake kallo, da ya koma gona, ga ruwa ga ƙasa. Ya tsaya a tsakani, wurin da babu daɗin tsayawa, inda masu makoki suke ganin sanyinsa, matarsa kuma take ganin gangancinsa. Ban ce wannan ya share hatsarin ba. Igiya tana tsinkewa, gefen rijiya yana ruftawa. Ya dai rage abin da yake ɗauka daga rabon iyalinsa zuwa iyakar abin da aikin ba zai yiwu sai da shi ba.

Saura batun gawa. Shin ta cancanci ko da wannan ragowar hatsarin? Mai lissafi zai ce a'a, rai ba ya daidai da jikin da rai ya bari. Amma wanda ya taɓa ganin uwar da aka ce ɗanta yana cikin ruwa ba a same shi ba, ya san lissafin bai cika ba. Ba ta zaman makoki, ba ta kuma daina jira. Duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai. Idan aka fito da shi aka wanke, aka yi masa salla aka kai shi makwancinsa, sai kukanta ya sami inda zai sauka. Mai nutso yana yi wa mamaci sutura, yana kuma kwance wa masu rai ƙullin da ba mai iya kwance musu. Kuma binne mamacin nan wajibi ne a kan garin duka. Mu da muke tsaye a bakin kanal da hannuwa a ƙirji, nauyinmu ne yake saukewa.

Idan haka ne, akwai bashi, kuma ba Baffa kaɗai yake bin mu ba. A Amurka an sassaƙa sunayen 'yan kwana-kwana 343 na birnin New York da suka mutu ranar 11 ga Satumban 2001, ana karanta su duk shekara. Mu ba mu da al'adar sassaƙa suna a dutse, ban kuma damu da rashinta ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ta'aziyya. A zauren maza ranar rasuwar Baffa an yi ta cewa mutumin jama'a ne, bai san gajiya ba, ko tsakar dare aka buga ƙofarsa zai fito. Duk gaskiya ne. Sai dai ban ji wanda ya ambaci wadda take tashi ta rufe ƙofar bayan ya fita, ta zauna ba barci har asuba, shekara da shekaru. Ita ce ta ba mu aronsa, ba da son ranta ba, ba mu kuma taɓa neman izininta ba.

A rana ta uku wata tsohuwa ta zo daga wajen Bunkure, ba wanda ya san ta. Ta wuce zauren ba ta tsaya ba, ta yi sallama cikin gida ta nemi uwargida. Ta sauke ƙullin shinkafa daga kanta, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Baiwar Allah, mijinki ne ya fito mini da ɗana daga kanal, shekara tara ke nan. Da shi na san inda kabarinsa yake. Na zo in yi miki godiya." Inna ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta matsa gefe a kan tabarma, ta ce ta zauna.