Dukushi a Filin Gasa

A ƙasarmu ta Kudancin Kaduna doki ba dabbar kowane gida ba ce. Ƙudan tsando da ciwon sammore sun daɗe suna hana shi yaɗuwa a nan, shi ya sa yawancinmu ba mu ganinsa sai ranar hawa a Kafanchan ko a wani bikin sarauta. Duk da haka akwai wata tambaya da masu dawaki ke fama da ita wadda ta shafi kowane mai riƙon wani rai a hannunsa: yaushe ya halatta a sa ƙaramin doki gasa?

Turawa suna da wata gasa mai kashi uku. Da fari doki zai nuna ladabi da bin umurnin linzami, sa'an nan ya yi gudu cikin daji yana tsallake gungume da rami da ruwa, daga bisani ya tsallake shingaye a fili. A garin Le Lion d'Angers na Faransa akan yi gasar duniya ta ƙananan dawaki kowane Oktoba, amma 'yan shekara 6 da 7 ne ke shiga, kuma ba a barin doki ya shiga mataki mafi wuya sai ya kai shekara 8. Dalilin yana cikin jikin dabbar. Ƙasusuwan dukushi suna da guringuntsi a bakinsu, inda girma ke faruwa. Na ƙafafu ne ke fara ƙwari, na gwiwa wajen shekara 2, amma ƙashin baya, wato daidai inda sirdi da mahayi ke zama, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 6. Ido yakan ga doki ya cika, alhali cikinsa da saura.

Masu sukuwa ba su da wannan haƙuri. A 2008, a gasar Kentucky Derby ta Amurka, wata goɗiya 'yar shekara 3 mai suna Eight Belles ta zo ta biyu, tana wuce layi kaɗan sai ƙafafunta na gaba suka karye, aka kashe ta nan take don a hutar da ita.  Ta yi gudun da dukan zuciyarta.

To, a nan ne nauyin maganar yake. Mai doki yakan ce, "Ai shi ma yana so." Gaskiya ne, dukushi mai jini a jika yana son gudu, kuma likitocin dabbobi sun nuna cewa kilisa daidai gwargwado tana ƙarfafa ƙashin mai tasowa, ɗaure shi a barga ba alheri ba ne. Sai dai yardar wanda bai san abin da zai biya ba, ba ta sauke wa mai shi alhaki. A ganina ma ƙara masa take yi. Doki mai taurin kai yana kāre kansa da tirjiya. Mai biyayya ba shi da mai kāre shi sai wanda ke riƙe da linzaminsa, kuma shi ne mai cin ribar gasar. Alƙali ne a shari'ar da yake da rabo a ciki.

Ya ku iyaye, ba sai kun mallaki doki ba. Ɗan maraƙin da aka ɗaura wa garma tun bai isa ba don damina ta matsa, da yaron da ake ɗora wa buhun citta a Kachia ko Kwoi don bai taɓa cewa ya gaji ba, duk labarinsu ɗaya ne. Haka yarinyar da aka tsallakar da ita aji biyu, ta shiga makarantar kwana tana shekara 9, domin a ce 'yar wane akwai ƙwaƙwalwa. Takan ci jarrabawar kuwa, kamar yadda goɗiyar nan ta zo ta biyu. A 2025 gwamnatin tarayya ta tsai da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, amma har yau akwai masu zuwa kotu su yi rantsuwa a ƙara wa yaro shekaru a takarda, su dawo gida suna murna.