Jinin da Ba Kai Ka Zaɓa Ba

Akwai wani nau'in ƙagaggun labarai na Turawa da ke yawo a wayoyinmu, a littafi da fim da wasan kwamfuta: labaran mashaya jini, wato matattun da ke tashi da dare suna rayuwa da jinin masu rai. Da yawa daga cikinmu mukan ɗauke su shirme. Sai dai wani reshe nasu, wanda ke kasa mashaya jinin zuri'a zuri'a, ya kuma ajiye su a Turai ta zamanin da ba ta gama barin addinin gargajiya ba, yana ɗauke da tambayar da ta shafe mu: shin ana kama mutum da laifin jinin da ke jikinsa?

Fitaccen misali shi ne wasan Vampire: The Dark Ages, wanda kamfanin White Wolf na Amurka ya fitar a 1996, ya sa labarinsa a shekarar 1197. A ƙagen nasu, mashaya jini sun samo asali ne daga Ƙabilu, wanda ya kashe ɗan'uwansa, kuma sun rabu zuri'a 13. Kowace zuri'a da tata la'anar. 'Yan Nosferatu munin halitta suka gada, 'yan Malkavian kuwa taɓin hankali. Ba a haihuwar mutum cikin zuri'a. Wani tsohon mashayi ne zai zuƙe jininsa, ya ɗiga masa nasa, ya wayi gari da yunwar da bai roƙa ba da dangin da bai zaɓa ba.

Zamanin da aka ɗora labarin a kai ya dace da tambayar, domin a Turai ta wancan lokaci dangi ake gani kafin a ga mutum. A dokokin ƙabilun Jamus na dā, idan mutum ya yi kisa, danginsa na da hannu a biyan diyya, kuma dokar Farankawa ta yanke wa ɗa mai 'yanci diyyar tsabar zinariya 200. Addini ma a dunƙule ake lissafa shi. A 782 sarki Charlemagne ya sa aka kashe mutanen Sakson da tarihin fadarsa ya ce sun kai 4,500 a Verden, kuma dokarsa ta tanadi kisa ga wanda ya ƙi wankan shiga Kiristanci. A 1147 aka ƙaddamar da yaƙi kan ƙabilun Wend, a 1168 sarkin Denmak ya rushe ɗakin bautar Arkona. Lituwaniya ce ta daɗe tana turjiya, sai a 1387 ta karɓi Kiristanci. Manomin da ke gefen tekun Baltik a lokacin ba a tambayarsa abin da ya aikata. Sunan ƙabilarsa ya isa a ƙone masa rumbu.

To a cikin irin wannan duniya aka jefa mashayin jini, aka bar mai karatu da hukunci. Hujjar masu cewa a hallaka zuri'ar baki ɗaya tana da ƙarfi. Yunwarsa gaskiya ce, kuma abincinsa mutane ne. Ba ma tambayar kura niyyarta kafin mu gyara shingen awaki. Idan ɗabi'a ce ke tura shi, to barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma mu da ke sana'ar rubuta manhaja mukan lura da yadda aka tsara abu, kuma tsarin wasan nan ya raba abu biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. A takardar kowane ɗan wasa, gurbin zuri'a daban yake, kuma ba ya canzawa. Gurbin ɗabi'a ma daban, ma'auni ne da ke kaiwa 10, yana sauka idan ɗan wasa ya aikata abin da ya saɓa wa tafarkin da ya ɗauka. Wanda ma'auninsa ya ƙare ya zama dabba, an karɓe shi daga hannun mai wasa. La'anar gado ba ta rage ko ɗigo a wannan ma'auni. Aiki ne kaɗai ke rage shi.

Wannan rabuwa ita ce amsar da muke ganin ta fi kusa da adalci. Gado yana iya sa jarrabawar wani ta fi ta wani nauyi, kuma jama'a na da haƙƙin kare kansu daga cutar da suka gani da ido. Sai dai tsare kai daban, yanke hukunci daban. Hukunci na bin abin da hannu ya aikata, kuma addininmu ya koyar da cewa ba wanda zai ɗauki nauyin zunubin wani. Hausawan da suka yi maganar barewa su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, don sun ga ɗa ya saɓa wa gidansu ta kowace fuska.

Abin da ya sa batun bai tsaya a wasa ba shi ne muna da namu. A garuruwanmu har yau ana cewa maita gado ce, ana nuna gida da baki, ana fasa aure saboda abin da aka ce kakar yarinya ta yi. Mashayin jini na labari aƙalla marubuci ya tabbatar mana yana shan jinin. Tsohuwar da aka jefa da maita ba ta da ko wannan, zato ne kawai da rashin lafiyar ɗan maƙwabta. Idan har za mu iya tsayawa mu saurari uzurin dodon da aka ƙaga a daji na Lituwaniya, mu auna shi da aikinsa, to jikar wannan tsohuwa, wadda ba ta cuci kowa ba, ta fi shi cancantar a auna ta da nata.